Injin da Na Ɗaura wa Jirgin Iro

Kwanakin baya wasu samari suka shigo garejina a Batsari da waya a hannu, suna nuna mini wani mutum a wata ƙasa da ya ɗaura injin mota a kan keken ƙarfe mai fukafukai, ya tashi sama. Ɗayansu ya ce, "Oga Habu, ashe abin ba wuya. Inji ne da fanka kawai. Ka ba mu tsohon inji, kafin sallah mun tashi." Ban yi musu dariya ba. Na ce su zauna, sai aiki ya taso, suka tafi ban gaya musu komai ba. Tunda yanzu ina zuwa ajin yaƙi da jahilci da yamma, hannuna ya fara sabawa da biro, na ga gara in rubuta musu. Na taɓa yin wannan aiki sau ɗaya, kuma ba zan ƙara ba.

Aikin farko da aka ba ni a Safana, wajen maigidana Malam Tanimu, wankin fistin ne a cikin kwanon fetur. Na daɗe ina wanki har fatar hannuna ta yi fari ta tsattsage, kafin ya bar ni in riƙe sifana. Ranar da ya fara ba ni inji in kwance in mayar, na gama tsaf, sai na ga noti ɗaya ya rage a kan tabarma. Na sake kwance injin gaba ɗaya, ban ga inda ya fito ba. Na sake. Rana ta yi tsaka, ta karkata, ina ta zufa. Sai da yamma ya zo ya ɗauki notin ya jefa aljihu, ya ce, "Na kekena ne. Amma yanzu ka san kowane rami da ke jikin wanga inji." Haka yake yi wa kowane sabon almajirin sana'a, kuma ba wanda ke tona wa na bayansa.

A wajensa na koyi abin da ya zama abincina, wato cire inji daga motar da ta mutu a ba shi wani aiki. Mota takan ruɓe, injinta na da sauran rai. Sai mu sauke shi, mu yi masa gado na ƙarfe, mu haɗa shi da injin niƙa, ko famfon ban ruwa, ko dinamo ya ba da wuta. Kayan aikin ba su da yawa. Sifanu, filaya, guduma, sukudireba doguwa da gajera, sarƙar ɗaga inji da muke rataya a reshen dalbejiya, sai wasu siraran ƙarafa kamar reza da ake auna tazarar bawul da su. Waɗannan na ƙarshe Malam Tanimu ba ya ba kowa aro, ko ɗan'uwansa.

Injin niƙan da na fara haɗawa ni kaɗai na wani mutum ne a Babban Duhu. Injin a-kori-kura ne, lafiyayye. Na haɗa, ya tashi, mata suka yi layi da ƙwaryar dawa, aka yi ta sa mini albarka. Ba a jima ba mai shi ya zo a fusace, ya ce na sayar masa da mushe. Na je na tarar kan injin ya lanƙwashe don zafi. A nan na gane abin da samarin nan ba su sani ba. Mota tana hutawa ko tana tafiya. Direba ya taka, ya saki, ya canja giya, ya gangara, ya tsaya sayen rake. Amma in ka ɗaure inji a wuri ɗaya ka ce ya yi ta ja da ƙarfinsa duka, ba sassauci, ka sa shi aikin da ba a haife shi dominsa ba. Injin niƙa in ya gaji ya tsaya, mata su koma gida su yi daka. A sama babu gefen hanya.

Wanda ya kawo mini aikin jirgi taubashina ne, Iro, ɗan gwaggona. Mai walda ne, yana zaune a wani ƙauye yamma da Ruma, kusa da bakin daji. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, mutanensa suna nan har yanzu. Wata safiya ya sauke mini inji daga bayan mota, an naɗe shi da buhu. Na buɗe, na ga injin ƙaramar motar nan ta da mai kama da kunkuru, wadda injinta ke baya. Irinsa ba shi da lagireto, ba ya shan ruwa, iska ce ke sanyaya shi, shi ya sa ba shi da nauyi.

Na ce, "Niƙa ko ban ruwa?"

Ya ce, "Sama."

Na ce, "Kai bawa, ko kan katanga ka hau jiri kake ji."

Ya ce, "Ai shi ya sa na zo wajen ubangidana. In na faɗo sai a ce bakaniken ne bai iya ba."

Na ɗauka wasan da muka saba ne, sai da na bi shi gida. A bayan ɗakinsa, ƙarƙashin rumfar kara, ya riga ya haɗa gangar jikin da siraran bututun ƙarfe, da tayoyin babur, da kujerar roba da ya yanke wa ƙafafu. Fukafukan ya yi musu haƙarƙari da katako mara nauyi, ya ja yadi a kai ya shafe da fenti mai ruwan toka har ya yi tauri kamar fatar ganga. Shekaru yana wannan, yana kallon yadda ake yi a waya yana gwadawa. Matarsa Hinde ta kawo mana fura ta ce, "Yaya Habu, don Allah ka ce masa injin ya mutu, mu huta. Kajina ma sun koma kwana a ciki."

Aikin injin ya ci mini lokaci fiye da kowane aiki da na taɓa yi. Na fara da cire duk abin da ba dole ba, har da salansa mai rage ƙara, da fankar da ke hura masa iska, tunda farfelar jirgi za ta yi wannan aiki. Sai wajen ɗaura farfelar. A mota sandar cikin inji, wadda muke kira kiranshaf, juyawa kawai take yi. A jirgi kuwa farfela tana juyawa tana kuma jan sandar gaba, kamar mai son zare ta daga cikin injin. Sai da na je Katsina aka yanko mini wani ƙarfe da boris mai ɗaukar irin wannan ja. Kowane noti na huda shi na zura waya na murɗe, don girgiza tana kwance noti a hankali ba ka sani ba. Farfelar kuma da itacen maɗaci aka sassaƙa ta. Mu ɗora tsakiyarta a kan bakin wuƙa, in gefe ɗaya ya rinjaya a kankare shi da fasasshiyar kwalba, a sake ɗorawa. Muka yi ta yi har ta tsaya cak kamar ma'aunin mai gwal. Wanda ya ce fanka ce kawai bai taɓa ganin abin da farfela mai rinjaye take yi wa inji ba.

Muna cikin wannan shekarar ta ɓaci. Kun san wadda nake nufi, ko kuna yara kun ji. Mutanen daji suka matsa. Hanyar Ruma ta zama sai ka tambaya kafin ka bi. Injinan niƙan da na haɗa a ƙauyuka suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, don masu su sun gudo gari. Na wuce wani ƙauye a kan babur da rana tsaka, ƙofofi a buɗe, turmi a tsakar gida da taɓarya a ciki, ba mutum, ba ko akuya. A garejina sai in wuni ban taɓa sifana ba. Mutanen ƙauyen su Iro ba su tashi ba, saboda sun yi shuka, gero ya yi kyau, kuma mafi yawan gonakinsu suna yamma, tsakanin gari da daji. In gero ya shigo rumbu za su zauna. In bai shigo ba, sai bara a Batsari.

Ranar da muka fara tayar da injin da farfela a jiki, mun tura jirgin cikin wani kwari a bayan gari, tsakanin duwatsu biyu, don kada ya tara mutane. Muka ɗaure wutsiyarsa da igiyar rijiya a gindin tsamiya. Iro ya zauna a kujera, ni na kama farfela na wurga ta da hannu na ja baya. Ta yi tari, ta kama. Da ya ƙara mai, sai ƙarar ta bugi dutsen dama ta koma na hagu ta haura. Ni da na haɗa injin da hannuna, ina tsaye kusa da shi, sai da na ɗaga kai na duba sama. Ba daga gabana ƙarar take zuwa ba. Daga bisa take saukowa, ta ko'ina.

Da muka kashe muka fito, garin ba kowa a waje. Mata sun kwashe yara sun shige ɗaki, sun ɗauka jirgin soja ne ya zo aiki. Can sai ga wani manomi ya shigo da gudu daga gonakin yamma. Ya ce yana cikin gero ya hango babura sun fito daga daji, bibbiyu a kan kowane, sun nufo gari. Ƙarar na tashi suka watse, wasu suka yar da baburan suka shige ƙarƙashin itatuwa, daga baya suka ja abinsu suka koma.

Da la'asar Liman ya aiko a kira mu. Dattijo ne, shi ke riƙe da garin tun da mai unguwa ya koma Batsari. Bayan an gaisa ya ce, "Malam Habu, wanga abu naku, zai iya yin kuka kullum har a kwashe gero?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, zai yi, amma ba a jere ba. An yi shi ya sha iskar tafiya. A ɗaure zai yi zafi, sai ana hutar da shi."

Ya ce, "Mu ma ai muna hutawa."

Haka aka fara. Na kwaso kayan aikina na tare a gidan Iro. Gari ya haɗa fetur, kowa da abin da ya samu, wani kwalba, wani galan. Da hantsi sai mu tayar, mu ja shi sama, mu sassauta, mu sake ja, yadda za a ji kamar jirgi na zuwa yana komawa. Mutane su fita gonakin yamma gaba ɗaya, maza na yankan zangarniya suna ɗaure dami. Ban taɓa ganin gayya irin wannan ba. Ba kiɗa, ba waƙa, ba mai yi wa wani kirari. Kowa ya sunkuya yana aiki, in ya ɗago sai ya dubi daji. Dajin kuma yana nan baƙi ƙirin, ko tsuntsu ba ya tashi daga cikinsa.

Ranar farko ladan ya kira azahar ba wanda ya ji. Liman ya turo a ce mana abin nan ba zai hana mutane jin kiran sallah ba. Dama injin na bukatar hutu, sai muka ga ya zo daidai. Daga ranar, in rana ta karkata sai mu kashe, ladan ya kira, a yi sallah, ni kuma in duba baƙin mai in taɓa kan silinda da jiƙaƙƙen tsumma in ji irin zafinsa. La'asar ma haka. Ba wanda ya kawo komai a ransa. Wa zai bar inji na ihu ana sallah? Abin da nake tunawa shi ne shirun da ke biyo baya. Kunne na ta amo, sannan a hankali ka fara jin kuɗa, ka ji muryar ladan siririya daga gari, ka ji kamar duk ƙasar ta kasa kunne.

An gama yanka, an ɗaure, dammuna na tsaye a gonaki ba a kai ga kwashe ko rabi ba, sai Buba ya dawo. Buba Bafillace ne, makiyayi kuma manomi, tun kakansa suke zaune a gefen garin. Mutanen daji sun kore shanunsa tun farkon damina, suka tafi da shi. Da yamma aka gan shi yana tahowa ta cikin karan gero, ba takalmi, ba hula, yana tafiya a hankali kamar mai tsoron taka ƙasa. Aka kai shi zauren Liman, aka ba shi ruwa. Ya sha, ya ajiye kofin.

Ya ce, "Ba kuɓuta na yi ba. Aiko ni aka yi."

Liman ya ce, "Da mi?"

"Sun ce a gaishe da jirginku. Sun ce su dai ba su taɓa ganin jirgin soja mai tsayawa sallar azahar ba, har ya ƙara da la'asar."

Wani a bakin ƙofa ya fara dariya, ya haɗiye ta.

Buba ya ce, "Yaransu sun ce ƙarya ce, injin niƙa ne. Babban nasu bai yarda ba tukuna, an taɓa kashe masa mutane daga sama. Ya ce gobe da hantsi za su hau dutsen bakin daji su duba. In sun ji kuka ba su ga komai a sama ba, za su shigo su kwashe dammunan, su ƙone abin da ba su iya ɗauka, kuma a nuna musu mai injin."

Aka yi ta shawara. Wasu suka ce a kwashe abin da aka iya kafin gari ya waye, amma jakuna da amalanken da suka rage a garin ba za su kwashe ko kashi ɗaya cikin uku ba. Wasu suka ce a tashi kawai. Iro na jingine da bango, ya bari sai da aka gaji. Sannan ya ce, "To su gan shi mana."

Na ce, "Iro, fito waje."

A waje na gaya masa abin da na sani. Jirgin bai taɓa tashi ba. Abin da ya taɓa yi, ranar da muka gwada shi sau ɗaya, shi ne gudu a kan faƙo, ya ɗaga kamar tsayin mutum, ya dire. Injin kuma ya sha wuya a ɗaure, baƙin mai ya tsinke, bawul ɗaya ya fara ƙonewa. Na ce, "Kuma ba ka taɓa juya shi a sama ba. Tashi daban, dawowa daban."

Ya ce, "Ubangidana, kai dai ka ba ni inji. In haura, in zaga bisa gonaki su gan ni, in dawo in sauka a faƙo. Ko shan fura ba a gama ba."

Na ce, "In ya tsaya fa?"

Ya ce, "Sai a ce bakaniken ne bai iya ba."

Da asuba bayan sallah na fara, don ba a auna bawul sai inji na da sanyi. Na daidaita su duka, na zubar da tsohon baƙin mai na zuba sabo, na wanke fulogi, na tace fetur da ƙyalle kafin in zuba. Na bi kowane noti da yatsa ina duba wayarsa. Maza suka turo jirgin daga kwari zuwa faƙon da yara ke ƙwallo. Iska daga yamma take busowa, kuma jirgi iska yake fuskanta in zai tashi, don haka hancinsa daji yake kallo. Hinde ta tsaya nesa da 'yarsu Nana a goye, ba ta matso ba. Iro ya ɗaure kansa a kujera da majanyi, ya sa hular kwano ta masu babur. Liman ya yi addu'a, aka shafa.

Na wurga farfela, ta kama a bugu ɗaya. Na saurara, injin na tafiya sumul. Na ɗaga masa hannu, mazan da ke riƙe da wutsiya suka saki.

Ya yi gudu yana tsalle a kan faƙo har na ce ba zai tashi ba, zai shiga kara. Dab da karan sai tayoyin suka rabu da ƙasa. Ya wuce bisa dammunan gero ƙasa-ƙasa, inuwarsa na bin kunya-kunya, ya fara haurawa. Daga nesa, da fentin nan mai ruwan toka da rana a jikinsa, wallahi ba ka ce Iro ne a kan kujerar roba ba. A kan dutsen bakin daji muka hango mutane tsaye kamar tururuwa. Muka ga sun zube, dutsen ya koma ba kowa.

Liman ya ce, "Ku kwashe!"

Gari duka ya faɗa gona, maza da mata da tsofaffi, da jakuna, da amalanke, da ka. Ni na tsaya a faƙo. Na ga ya karkata fiffike zai juyo, jirgin ya yi kamar zai zame, ya mayar da shi daidai. Ya sake gwadawa, ya sake mayarwa. Daga nan bai ƙara gwadawa ba, ko kuwa yana neman juyowa a hankali da faɗi, ban sani ba. Ya wuce bisa dutsen, ya shiga saman daji, ya yi ta ƙanƙancewa. Ban ji harbi ba. Ban ga hayaƙi ba. Injin bai yi tari ba ko sau ɗaya har ƙarar ta siranta ta ɓace.

Ba su zo ba ranar, ba su zo ba washegari. Aka kwashe gero har dami na ƙarshe, rumbuna suka cika, garin ya zauna. Gonar Iro aka fara kwashewa. Shi kuwa ba labari. Ba wanda ke shiga dajin neman mutum, kuma ba wanda ya kira waya ya ce yana hannunsu. Duk wanda aka sako sai a tambaye shi, ya ce bai gani ba, bai ji ba. Na kwashe kayan aikina na koma Batsari, rani ya wuce a haka.

Da bazara, da iska ta juyo daga yamma, Hinde ta aiko a ce in zo. Na je. Ta ce masu sharar gona suna jin wani abu da safe, ita ba ta san inji ba, in je in ji. Na tafi ƙarshen gonakin yamma ni kaɗai, na tsaya inda karan bara ya ƙare, na cire hula. Da farko iska kawai. Sai ta kawo shi, can ƙasa-ƙasa daga cikin daji, ya zo ya tafi. Injin kunkuru ne, ba salansa. Duk yankin nan babu irinsa sai ɗaya. Ba farfela a jikinsa, tafiyar inji ce mai jan dinamo ko famfo, a tsaye wuri ɗaya.

Na daɗe a tsaye ina lissafin abin da kunnena ya gaya mini. Injin nan in ba farfela ba fanka, ba zai kai a dafa shayi ba zai ƙone. Ga shi yana ta tafiya. Ashe wani ya ƙera masa fanka, ya yi masa rumfar ƙarfe mai kai iska kan silinda. Aikin mai walda ne. Kuma bawul ɗin a daidaice suke, har wanda ya fara ƙonewa. Masu bindiga ba su iya wannan ba, babur ma in ya lalace yar da shi suke yi su ƙwace wani.

Na dawo na tarar da ita a ƙofar gida. Na ce, "Ban gan shi ba, ba zan ce miki na gan shi ba. Amma wanda ke kula da injin nan ya san shi."

Ta ce, "Alhamdu lillahi," ta shiga ciki.

Daga nan ya zama aikina. Duk ranar da hanya ta yi kyau sai in hau babur in je in tsaya a wurin. Wani lokaci iska ba ta kawo komai, wani lokaci ta kawo. In na dawo ba ta tambayar komai sai, "Yaya Habu, ya ka ji shi?" In ce, "Sumul." Ta ce, "Madalla," ta kawo mini ruwa. Muka ci damina a haka, aka yi wata shukar, gero ya fara fitar da kai.

Wata safiya na je na ji silinda ɗaya na ɗauke wuta. Inji na tafiya, ya yi tsalle, ya ci gaba. Ƙaramin abu ne, fulogi ne ya yi datti, aikin cirewa a goge. Na koma Batsari ta bayan gari ban bi ta gidan ba. Bayan mako na dawo na tsaya a wurin. Iska ta kawo shi, yana nan yadda na bar shi, har silinda na biyu ma ya fara.

Na tarar da ita tana sussukar gero a tsakar gida, Nana na wasa kusa da turmi. Muka gaisa, ta tambayi mutanen gida, na tambayi yara. Sannan ta ce, "Yaya Habu, ya ka ji shi?"

Na ce, "Yana tari."

Ta tsayar da taɓarya. "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun wancan makon."

Ta dubi yamma ta bisa danga. Sannan ta jingine taɓaryar a jikin rumbu, ta ɗauki Nana ta saɓa a kafaɗa.

Ta ce, "Baban Nana ba ya barin inji ya kwana da tari. Ka biya ka gaya wa Liman, a sa ranar yi masa addu'a."